Ƙwan Zabbin Habi

Malam Zayyanu malamin kimiyya ne a wata sakandare a Sabon Birni. Shekara ashirin yana koyar da lantarki da alli a jikin allo, har ya kai inda yake son ganin lantarkin ya yi wani abu a gaban idonsa. Sai ya samo mataccen firij wajen wani mai shayi, ya kwashe kayan cikinsa, ya sa gulob biyu don ɗumi, da 'yar fanka, da faranti mai mota wanda zai riƙa juya ƙwai, da wani ɗan sensa fari mai auna zafi da damshi. Ya haɗa su duka da wani ɗan allon kwamfuta da ake kira Arduino, ya rubuta masa umarni da kansa, ya jawo waya daga batirin solan gidansa. Ya girke abin a zaure ya ce injin ƙyanƙyasa ne. Wata huɗu injin yana ɗumama iska zalla, kuma yana ɗumama ta daidai, maki talatin da bakwai da rabi.

Tsakiyar damina sai ga Labbo a kan babur, da ƙwarya ɗaure a zane a kan cinyarsa. Labbo makiyayi ne daga wajen Burkusuma, sun saba tun Zayyanu yana ƙaramin malami a can. Su Labbo sun tashi daga rugarsu da gaggawa, irin tashin da ba a tambayar dalilinsa a yankin, suka sauka wajen dangi a Kamarawa. Shanu sun bi sanda. Zabbi kuwa ba su bin kowa, sun watse cikin daji. Matarsa Habi ta shekara goma sha biyar tana kiwon irin nan tun daga waɗanda uwarta ta ba ta, kuma abin da ta tsira da shi ƙwan da ta tara a makon ne, sittin da huɗu, a cikin dusa.

"Malam, an ce kana da hirijin da ka haihuwa."

"Injin ƙyanƙyasa na, Labbo."

"Shi nika nuhi. Kaza ba mu samu ba, ciwo ya share na Kamarawa. Habi ta ce in ƙwan ga sunka lalace, irinta ya ƙare ke nan. Ko hura ba ta sha awa da. Kana iyawa?"

Mai hankali zai ce bai taɓa gwadawa ba. Malam Zayyanu ya ce, "Kwana ashirin da takwas, ka taho da kwando."

Matarsa tana Sakkwato wajen jegon ɗiyarsu, don haka yayarsa Adda Tani ce ke riƙe da gidan. Ta tsaya bakin ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida tana kallon yana jera ƙwai, bayan baƙon ya tafi.

"Adda, wanga abu ba shi son hannu," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Komi da kainai shika yi. Zahi, damshi, juyi, duka."

"To," in ji Adda.

Kwana uku komai lafiya. Rana ta huɗu ya dawo da dare bai yi nisa ba, bayan ya ɗan zauna majalisa, ya tarar gulob a kashe, firij ya huce, ɗan gilashin gaba yana nuna kalma ɗaya, KUSKURE. Shi ya rubuta kalmar. Shi ne kuma ya umarci allon cewa in ya tambayi sensa sau uku bai amsa ba, ya kashe wuta ya tsaya cik sai an tayar da shi, don kada ƙwai su dahu. A lokacin da ya rubuta wannan ya ji kansa mai hangen nesa. Ya danna maɓalli, wuta ta dawo, sensa ya amsa kamar ba abin da ya faru.

Washegari haka, sau biyu. Jibi sau uku. Ya sauya sensa da wani sabo, ya sake narka dalma a kowane haɗi, ya zargi hadari da ke hana sola caji, ya auna batir ya same shi cike. Ya karanta abin da mutanen ƙasashe bakwai suka rubuta a intanet, kowannensu yana da tabbacin abin da ke damun injin da bai taɓa gani ba. Kowane lokaci ya tarar da abin ya mutu, sai ya ɗora tafin hannu a kan ƙwai yana ƙoƙarin gane ko sa'a ɗaya suka yi a sanyi ko uku. Tafin hannu ba ya faɗin wannan.

A ƙarshe ya kira Faruk, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Isa da Maraɗi, ya tura masa hoton abin da ake kira lojik analaiza, irin mai arhar nan. Rana ta tara Faruk ya miƙo masa shi ta tagar mota.

"Wanga na kas sa ni zagaye kasuwa har sau biyu? Na aza sai an ɗaura shi bisa bodi. Akwatin ashana ya hi shi girma."

"Kunne na, Faruk. Shina saurarar abin da waya ka hwaɗi."

"Allah shi sa ta hwaɗi alheri."

Abin yana da wayoyi kala-kala a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ana soka shi a kwamfuta. Aikinsa guda ne: ya duba waya ya ce akwai wuta ko babu, sau dubbai a cikin daƙiƙa, ya zana amsar a layi mai hawa da sauka. Zayyanu ya maƙala waya ɗaya a layin sensa ya kunna. Abin da ya fito ya yi kama da ciyawar da akuya ta bi. Ya yi yini guda yana kallon wannan ciyawar, yana gina mata bayani iri-iri, har ya soma yarda cewa ya gano ciwon. Da la'asar ya ga baƙar wayar giraun, wadda in babu ita awo ba ya yin daidai, tana lilo a gefen tebur, bai haɗa ta ba. Wannan shi ne darasin da yake fara koya wa 'yan aji huɗu kowace shekara.

Da ya haɗa ta, layi ya gyaru. A karon farko ya ga hirar da idonsa. Kowace daƙiƙa biyu allon yana jan layin ƙasa, wato tambaya, sai sensa ya amsa da tsalle arba'in, gajere sifili, dogo ɗaya. Ya ɗauki biro ya fassara su da hannu kamar ɗalibi, ya samu talatin da bakwai da ɗigo shida. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya zauna sa'a uku yana kallon tambaya da amsa, babu ko ɗaya da ta ɓata. Injin lafiyarsa lau muddin ana kallonsa.

Saboda haka ranar Asabar ya bar kwamfutar tana ɗauka, ya rubuta lokacin da ya kunna, ya fita harkokinsa. Da ya dawo ya tarar da KUSKURE, amma wannan karon akwai shaida. Ya ja layin baya har ya samu wurin. Allon ya yi tambaya, shiru. Ya sake, shiru. Ya sake, sannan ya kashe wuta ya yi shiru shi ma. Amsar ba ta lalace ba, ba ta zo a karkace ba, kawai babu ta, kamar an ɗauke sensan daga duniya. Ya ƙirga daƙiƙoƙi ya tara a kan agogo. Ƙarfe biyu da minti goma. Ya sake ɗauka da yamma: bakwai da 'yan mintuna. Da safe: biyar da rabi ta ɗan wuce.

Ya daɗe yana kallon lambobin nan uku kafin ya gane su, ko da yake duk wani yaro a garin zai gane su nan take. Azahar, magariba, asuba.

Nan fa hankalinsa ya tafi kan lasifika. A unguwar, duk wanda ya sa sola kusa da masallaci yakan ja wa masallacin waya, ba a ma roƙo, kuma Zayyanu ya ja tasa shekara uku da suka wuce. Injin lasifika da injin ƙyanƙyasa batir ɗaya suke sha. Bayanin ya zauna daram, har ya ji tausayin kansa da bai gano shi da wuri ba. Abin da bai tsaya ya tambaya ba shi ne me ya sa la'asar da lisha ba su kashe komai. Ya ga tambayar, ya kau da kai.

Ya sami Kalilu ladan yana wanke butoci.

"Ladan, alhwarma nika nema. Gobe ka yi kira da baki, ban da lasihika."

"Wuta ta ƙare?"

"Akwai wuta. Ƙwai na."

Kalilu ya ajiye buta. "Malam, kiran salla ka hana ƙwai ƙyanƙyasa? Tun kakanninmu zabbi ka jin kiran salla."

"Ba kiran ba, injin. In ka kunna shi, shina yi ma nau injin hayaniya cikin waya."

"Kai da ka da boko. Amma in tsohhin ga sunka taso mani, gidanka za ni turo su."

Washegari Kalilu ya hau dakali ya yi kira da maƙogwaronsa, wanda ya shekara uku yana hutu. Rabin sahu bai ji asuba ba. Wani tsoho ya zo azahar ana sallamewa, ya tambayi ko ladan ya mutu ne ba a gaya masa ba. Zayyanu ya sha harara a sahu har ta ishe shi, ya koma gida da sauri. KUSKURE. Ya duba layin: biyu da minti goma sha ɗaya, shiru, daidai irin na jiya, ba tare da lasifika ba.

Ya yanke shawarar kama abin da idonsa. Ya shimfiɗa buzu a zaure kusa da firij, ya yi sallolinsa a nan, yana sallamewa yana leƙa kwamfuta. Kwana biyu cur, injin bai yi ko tari ba. Kalilu ya koma lasifikarsa, yana kira har bango na rawa, sensa yana amsawa tsalle arba'in cif. Maƙwabta suka fara aiko tambaya ko jiki ne, wani kuma ya tambayi Kalilu a asirce ko Malam ya sauya aƙida. Adda ma ta dame shi daga bayan ƙofa.

"Zayyanu, an yi kira hwa."

"Na jiya, Adda."

"To mi kaka jira? Namiji da ƙahwahunai shina salla cikin zaure awa mai jego."

"Aiki nika yi."

Ta yi tsaki ta koma. Magariba ta sake zuwa, da asuba ma haka, har ya fara mamakin yaushe yayarsa ta zama mai wa'azi.

Ya zana jadawali a bayan takardar jarrabawa. Da lasifika, ba ya nan: mutuwa. Ba lasifika, ba ya nan: mutuwa. Da lasifika, yana nan: lafiya. Ya juya takardar ta kowace fuska, sakamakon ɗaya ne, kuma ba irin wanda malamin kimiyya zai so ya sa wa hannu ba. Injin yana mutuwa ne in ya tafi jam'i, kuma ba kowane jam'i ba. Da ya nuna wa Kalilu, ladan ya ce shi bai ga abin ruɗani ba, zaure ne da ba a kwana cikinsa, a samo tofi a yayyafa. Zayyanu ya yi masa dogon bayani a kan dalilin da ya sa wannan ba zai yiwu ba. Da ya gama, ya tambaye shi wa ke yin tofin.

A ranar Labbo ya kira daga Kamarawa. Bayan gaisuwa sai ya ce ga Habi.

"Malam, ina wuni. Suna motsi?"

"Suna nan, Habi."

"Na yi mahwalkinsu. Akwai masu hwarin ƙirji ciki, irin na innata. Don Allah a kula da su."

"Ana kulawa," ya ce, yana kallon jadawalinsa.

Rana ta goma sha shida ya gaji da zaman zaure, ya fita azahar. Ya kai ƙofar masallaci, har ya cire takalmi ɗaya, sai ya tuna bai danna maɓallin ɗauka ba. Ya mayar da takalmin ya juya, mutane suna kallonsa yana tafiya kishiyar inda kowa ya nufa.

Ƙofar firij a buɗe take. Adda Tani tana durƙushe a gabanta, da ƙoƙon ruwan ɗumi a gefe. Tana ɗaukar ƙwai ɗaya-ɗaya tana juyawa, tana tsoma yatsu a ruwa tana yarfa musu. Ɗan sensan fari kuwa yana kan tebur, a zare daga soket ɗinsa, an ɗora shi a kan tsumma mai tsabta don kada ya yi datti.

"Adda!"

Ba ta ko firgita ba. "Rufe ƙohwa, iska na shigowa. Har an sallame?"

"Ke ta ka cire shi?"

"Wanga ɗan hwarin? Shina lilo bisa ƙwai, shina tare mani hannu. In na gama ina mai da shi inda nis same shi. Ban taɓa mance shi ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na huɗu."

Zayyanu ya zauna a kan buzu. Ya tuna Faruk da kasuwar da ya zagaya, da maƙogwaron Kalilu, da tsohon da ya rasa azahar. "Na ce maki ba shi son hannu. In kin cire shi wuta ka mutuwa, ƙwai su huce. Kwana goma sha biyu ina haukacewa! Don mi ba ki hwaɗa mani ba?"

"Ka tambaye ni? Kwamfuta kaka tambaya." Ta juya wani ƙwan. "Kuma wutar na ganin ta mutu in na buɗe, na aza haka kay yi shi. Kaza ma tana tashi ta ci abinci, ƙwai su sha iska, ba su mutuwa. Abin da ka kashe su rashin juyi. Hwarantin ga naka bai taɓa motsi ba."

"Shina juyi duk awa huɗu."

"Zayyanu, na sa ma ƙwai gawayi ranar da anka kawo su, don in gani. Kwana ukku gawayi na kallon sama. Sannan nis sa hannu."

Ya duba. Kowane ƙwai yana da ɗan baƙin ɗigo a gefe. Ya gan su tun tuni, ya ɗauka alamar Habi ce.

"Da ke hwaɗa mani."

"Kai da bakinka kac ce komi da kainai shika yi, gari duk ya ji. In taho in ce ƙanena ya yi ƙarya? Kuma zaure wurin maza na, kullum da wani zaune. Sai kun tai masallaci nika samun shiga. Kwana biyun ga da kaz zauna nan awa gunki, ko sau guda ba a juya su ba. In wani abu ya same su, wannan naka na."

"La'asar da lisha hwa?"

"La'asar ina tuwo. Lisha na gaji. Sau ukku ya isa."

Ya ɗauki wata wayar analaizan, ruwan ɗorawa, ya maƙala a layin da ke ba motar faranti umarni, abin da zai iya yi tun ranar da na'urar ta zo. Ya bar ta har bayan lisha. Layin ya miƙe sambal, babu tsalle ko ɗaya. Ya buɗe umarnin da ya rubuta ya bi shi a hankali. Lokacin gwaji ya sa juyi duk daƙiƙa goma, ya yi aiki, ya ji daɗi. Sannan ya mayar da shi awa huɗu, lambar ta fi ƙarfin gurbin da ya tanadar mata, ta zube ta koma wata aba da allon ba zai taɓa kaiwa ba. Wata huɗu injin yana jiran lokacin juyi, kuma babu ƙwai a ciki da zai kai ƙara.

Gyaran kalma ɗaya ne. Ya gyara, faranti ya karkata a hankali kamar yadda aka tsara. Ya kira Adda ta gani. Ta gani, ta ce a kashe shi, sun saba da hannu, kuma wannan karkatar ba juyi ba ce. Ya buɗe baki zai kawo hujja, ya tarar ba shi da tabbacin komai a ranar, har da sunan abin da ya gina. Ya zare wayar motar. Ya ɗaure sensa a jikin bango inda ba zai tare hannu ba, ya cire umarnin tsayawa cik. Ya kuma gaya wa masu zama zauren cewa an tashi majalisa sai bayan sati biyu. A kan abu ɗaya kawai suka yi gardama, ranar da za a daina juyi, sai ta fito cewa littafinsa da Adda rana ɗaya suke nufi, ita dai ba ta ƙirga ta da lamba.

Safiyar rana ta ashirin da bakwai aka ji ƙara siririya daga cikin firij. Kafin azahar ta washegari talatin da takwas sun fito, jiƙaƙƙu, masu zane a ka, suna tattaka juna. Sauran ashirin da shida ba su ce komai ba.

Labbo ya zo da kwando, da Habi a bayan babur. Ta durƙusa gaban kwalin da aka sa su. Ta ɗaga ɗaya ta juya cikinsa, ta ajiye, ta ɗaga wani.

"Sun isa iri," ta ce. "Wallahi sun isa." Sai ta shiga cikin gida wajen Adda, aka ji su suna magana ƙasa-ƙasa, sannan aka ji dariya.

"Malam, hirijin ga ya yi," in ji Labbo yana shimfiɗa tsumma a kwando. "Mutanen Kurawa na da ƙwai, in ce su kawo?"

"Dakata tukuna."

"Akwai matsala?"

"Ban sani ba, Labbo."

Da suka tafi, ya kwashi ashirin da shidan ya kai bayan gida, ya tsuguna da tsinke. Littafi ya ce in ka fasa ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba za ka gane ranar da ya mutu, shi kuma yana da ranakun duka a rubuce: ukun farko da ba juyi, goman da wuta ke mutuwa, biyun da ya yi gadi. Yana son ya san nawa ne nasa. Na farko ruwa ne zalla, ko bai taɓa ɗaukar rai ba, ko hanyar Burkusuma ce ta girgiza shi. Na biyu ɗigon jini. Na uku cikakken tsako da gashinsa, ya kai bakin fita ya fasa. Na huɗu ruwa. Ya jera ɓawon kashi uku, sannan huɗu, sannan ya rasa inda zai sa na goma sha ɗaya.

Adda ta leƙo ta katanga, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"To, mi kag gano?"

Ya dubi layukan ɓawon da ke gabansa. "Wasu tun hwarko, wasu tsakiya, wasu ƙarshe."

"Wannan ko ni na iya hwaɗa maka. Rufe su da ƙasa, maƙwabta na cin abinci."

Ya ce saura goma sha biyar, ya ɗauki na gaba.